Butar Baffa

Abu uku na ɗora a mota ran Asabar ɗin da muka tafi ƙauyen tarihi: tsoho ɗaya mai shekara tamanin da 'yan kai, saurayi ɗaya mai ashirin da biyu, da takarda ɗaya a aljihuna, ta neman shiga aikin soja, wadda ba abin da ya rage mata sai sa hannun uba. Tsohon shi ne Baffa, yayan mahaifina, wanda ya rene ni. Saurayin babban ɗana ne. Niyyata in dawo gida da albarkar tsohon a kan takardar saurayin. Shekara talatin ina saye da sayar da riɗi da zoɓo tsakanin Gujungu da Shuwarin da Dutse, ban taɓa shiga cinikin da na tabbatar da ribarsa kamar wannan ba. Kwana ashirin da uku bayan tafiyar muka binne Baffa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da muka zauna makoki a ƙofar gidanmu na Aujara, na lura duk wanda ya buɗe baki zai yabi Baffa, a kan buta yake ƙarewa. Liman ya ce, "Shekara arba'in yana bayana a sahun farko, ban taɓa ganin wani ya zuba masa ruwan alwala ba." Maƙwabcin Baffa, wanda suka tsufa suna rigimar iyakar gona, ya share ido da bakin rawani ya ce, "Taurin kai ne kawai, Allah ya jiƙansa. Lokacin da ƙafarsa ta kumbura na ɗauki butar zan taimaka masa, saura ƙiris ya karya mini hannu da sanda." Aka yi dariya, irin ta makoki wadda ake haɗiye rabinta. Daga cikin gida Gwaggo, ƙanwarsu da ta rage a duniya, ta aiko a gaya mini kada kowa ya ɗauki butar, ita za ta adana. Wani ya ce waswasi ne ya dame shi. Wani ya rage murya ya ce tsoron sammu ne. Ni da ɗana kaɗai muka san dalili, mu ma ba mu daɗe da sani ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so garinmu ya riƙa tuna shi a matsayin tsohon nan mai faɗa a kan buta.

Ban taɓa ganin mahaifina ba. Shi da Baffa duk sun tafi yaƙin basasa, Inna tana da cikina, Baffa ya dawo shi kaɗai. Abin da aka gaya mana bai wuce kalma uku ba: ya rasu can. Baffa ya rataye kakinsa, ya ɗauki fartanya, ya noma gonarsa da ta ƙaninsa, geron biyu kuwa rumbu ɗaya yake shiga. Ba ya zancen yaƙi. In aka kawo zancen a majalisa, sai ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba. Ragon layyarsa liman yake miƙa wa wuƙa ya yanka masa. In ya ga yara da bindigar kara, sai ya saye ta da dabino, ya karya, ya kai wa mata su hura wuta. Duk tafiyar da za a yi, ko zuwa Taura ce biki, sai ya tsaya a bakin mota ya ƙirga mutane da yatsa, a tafiya da dawowa. Da na fara kasuwa, abin da ya ce mini shi ne, "Mai riɗi, ka ƙirga kai kafin ka ƙirga buhu." Shekarar da ruwa ya shiga sitona na farko ya ruɓar da kayana, ban kai masa kuka ba, amma da safe na tarar da amalanke a ƙofa da riɗin gonarsa duka. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ce, "Sauke, shanun sun gaji."

Sau ɗaya ya taɓa marina. Ina ɗan shekara goma, na ga butarsa a gindin darbejiya ba ruwa, na ɗauka da gudu zan cika a randa, kamar yadda kowane ɗa yake yi wa babba a garinmu. Ban kai randar ba na ji mari har ƙasa. Ya fizge butar. Da yamma na tarar da sandar rake guda a kan tabarmata. Ban tambayi dalili ba. Daga ranar kowa a gidan ya sani: ka ɗaukar wa Baffa buhu, ka ɗaukar masa takalmi, amma ka bar masa butarsa.

Da aka haifi babban ɗana na sa masa sunan mahaifina, don haka muke ce masa Abba. Baffa kuwa Ƙane yake ce masa. Yana tsokanar duk jikokin gidan, 'yan matan amarensa ne, mazan ɓarayin furarsa ne, amma ban taɓa jin ya yi wa Abba wasan jika ba. Kallonsa kawai yake yi.

Zan faɗi nawa laifin ba tare da kwana-kwana ba. Abba ya gama makaranta ya yi shekara biyu yana zaune a sitona yana awo. Na duba na ga aikin soja akwai albashi, akwai girma, kuma mutumin da motocinsa ke bin hanya ba ya ƙin a ce ɗansa yana sanye da kaki. Ni na nemo takardar, na ajiye ta kusa da kwanon abincinsa. Ban ce masa tafi ba. Ya cike ta a ranar. Maiɗakina ta ce ita ba ta yarda ba sai Baffa ya yarda. Na je Aujara na zagayo da zancen, Baffa ya dube ni ya ce, "An yi ruwa a Garki kuwa?" Na gane ba za a sayi wannan kaya a fili ba.

A nan na ji labarin ƙauyen tarihi. Wani tsohon malamin makaranta ne ya gina shi a tsakanin duwatsu, ɗan nesa da Dutse: bukkoki da rumbuna irin na da, da maƙeri da masaƙi da mata masu kaɗi, kowa yana aikinsa kamar zamanin bai wuce ba. Wasu ranakun Asabar kuma samari sukan sa kaki su kwaikwayi yaƙin basasa. Lissafina shi ne, tsohon soja in ya ji bigila ya ga samari a layi, jininsa zai motsa, ni kuma in fito da takarda. Na ce wa Baffa ziyara za mu kai yara.

Ya ƙirga mu a bakin mota, mu bakwai, ya shiga gaba da butarsa tsakanin ƙafafunsa. Farkon damina ne, hadari ya haɗo daga gabas tun hantsi, ya tsaya bai sauko ba, bai kuma watse ba.

Da farko Baffa ya ji daɗin wurin fiye da kowa. Ya zauna a maƙera ya karɓi zugazugi. Ya ce wa masaƙin zarensa ya yi sako-sako. Ƙaramar 'yata ta kama taɓarya ta kasa ɗagawa, ya ce, "Amarya, in haka za ki daka mini fura, a mayar mini da sadakina."

"Wa zai auri mai haƙori huɗu?" in ji ta.

"Biyar ne, ki sake ƙirgawa."

Sai aka busa bigila daga bayan wani dutse. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an hure fitila.

Filin wasan an kewaye shi da igiya. An haƙa ramuka biyu masu tsawo suna fuskantar juna, an jera buhunan yashi, an kakkafa ganyen dabino a matsayin dajin kudu. Maharba suna bayan dutse da bindigogin toka don su ba da ƙara. Malamin da ya gina wurin ya ɗauki lasifika ya ce ana neman samari biyar daga cikin baƙi su shiga wasan. Na taɓa Abba da gwiwar hannu. Ya ɗaga hannu.

Da ya fito cikin kakin, ya yi masa kyau, ba zan ɓoye ba. Na juya in ga fuskar Baffa, in ga ko ciniki ya faɗa. Ba kakin yake kallo ba. Leɓɓansa suna motsi, yatsansa yana bin samarin ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga su yake yi.

"Baffa, ya ka ga jikanka?"

"Goma sha takwas," ya ce.

Aka fara. Bindigogin toka suka yi ta tashi, hayaƙi ya kwanta a filin saboda babu iska, warin albarushi ya cika hanci. Samari suna ihu suna rarrafe. Mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Can sai Abba ya yi tsalle ya fito daga rami da tuta, ya yi kabbara da ƙarfi, ya dafe ƙirji, ya juya sau biyu ya faɗi. Ja ya ɓata gaban rigarsa. Ni da na ƙare rayuwata a cikin zoɓo, daga inda nake na gane ruwan zoɓo ne. Aka yi tafi.

Ban ga tashin Baffa ba. Na dai gan shi ya ɗaga igiyar da sandarsa ya shiga filin, yana tafiya cikin hayaƙin a sunkuye, kansa ƙasa-ƙasa, irin tafiyar da ban taɓa ganin ya yi ba. Wasu suka ɗauka cikin wasan ne, suka fashe da dariya. Ya isa kan Abba ya tsaya.

"Ƙane, tashi."

An riga an gaya wa samarin duk wanda ya faɗi kada ya motsa sai an busa usur. Abba bai motsa ba.

"Ƙane. Na ce ka tashi."

Baffa ya yar da sanda ya durƙusa, ya sa yatsu biyu a wuyansa. Dariyar mutane ta fara mutuwa daga sahun gaba zuwa baya. Maiɗakina ta kama gefen mayafinta ta cusa a baki. Ban san ko daƙiƙa nawa aka yi ba, amma ni ma, da na san zoɓo ne, sai da na fara shakka. Sannan Abba ya buɗe ido ya ce, "Baffa, wasa ne fa."

Malamin ya iso da gudu yana ba da haƙuri. Baffa ya dube shi daga durƙushe ya ce, ba da faɗa ba, "Malam, ba haka ake faɗuwa ba. Ba a kabbara, ba a juyi. Zama mutum yake yi kamar ya gaji." Aka tsayar da wasan.

La'asar ta yi. Mata suka tafi nasu gefen, mu uku muka nufi wata rumfa kusa da tankin ruwa. Abba bai cire kakin ba, kunya da nadama sun cika shi, yana neman abin da zai yi wa tsohon ya huce. Baffa ya zauna a kan dutse ya ajiye butarsa. Kafin in ankara Abba ya sunkuya ya ɗauke ta ya juya wajen tanki.

Ƙarar da Baffa ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. Abba ya saki butar ta gangara. Baffa ya bi ta da rarrafe ya rungume. Muka tsaya a kansa. Da numfashinsa ya dawo, ya ce mu zauna.

"Ni na kai ubanka," ya ce mini. "Ni na fara shiga, na zo gida da kaki, ya gani ya bi ni. Aka sa mu rami ɗaya a wani daji da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kwana huɗu ba mai ɗaga kai saboda harbi. Akwai rafi a ƙasanmu, bai fi daga nan zuwa motarka ba. Muna da wani gwangwani da muka mayar buta. La'asar ta yi, kamar yanzu. Addini ya ba ni sauƙi, da na buga ƙasa na yi taimama. Amma ramin duk caɓi ne da ƙazanta, raina ya ƙi. Na ɗauki gwangwanin na girgiza, na ji ba ruwa."

Ya shafa butar.

"Ban aike shi ba. Allah ya sani ban buɗe baki ba. Girgizawa kawai na yi. Amma yaron da aka rena a gidanmu, yayansa ya girgiza buta a gabansa, zai zauna? Ya zare ta daga hannuna ya ce, Yaya, kawo. Ya kai rafin. Ya cika. A dawowa ne ya zauna."

Abba yana kuka, zoɓon ya bushe a ƙirjinsa ya yi baƙi. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, irin na ɗan kasuwa da aka kama da mudu biyu. Na ce, "Baffa, ni ban tilasta wa Abba komai ba. Takarda kawai na kawo."

Ashe ya san da takardar, ya kuma san dalilin ziyarar tun daga Aujara. Ya dube ni ya ce, "Na sani, mai riɗi. Girgizawa kawai ka yi."

Ya tashi da kansa ya cika butarsa, muka yi salla. A bakin mota ya ƙirga mu, bakwai, ya sake ƙirgawa. Hadarin nan bai zubar da ko ɗigo ba har muka isa gida.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake tashi sosai ba. Na je na zauna a gefensa na ce na fasa, zan yaga takardar. Ya ce yagawa ba ta mayar da ruwa rijiya. "Ka tambaye shi sau uku, a ranaku uku, ba a gaban kowa ba. Ka gaya masa sito nasa ne in ya zauna. In ya ce zai tafi duk sau ukun, ka sa hannu. Ni ba na hanawa, ba na sawa. Na yi nawa." Na tambayi Abba a sito, ya ce zai tafi. Bayan mako na tambaye shi a mota, ya ce, "Baba, ai ni ma ina so."

Da ƙarfin Baffa ya ƙare har ba ya iya kaiwa randa, Gwaggo ta roƙe shi da kuka ya bari a kawo masa ruwan alwala. Ya ƙi. Ya sa aka ajiye masa dutse mai faɗi kusa da shimfiɗa, yana taimama a kai. Ya ce mini, "Ka ga sauƙin da na ƙi karɓa. Ga shi na karɓa, bayan shekara hamsin da wani abu." Ranar Litinin da hantsi Baffa ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, Gwaggo tana riƙe da kansa.

Ni da liman muka shiga yi masa wanka, Abba yana bakin ƙofa yana miƙo abin da ake bukata. Liman ya ce a fara da alwala. Na waiwaya na ga butar Baffa a inda ya bar ta, na ce a raina yau dai ɗa zai zuba masa ruwa da ita sau ɗaya. Na ɗauka. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba, hannuna ne ya yi abin da hannun kowa yake yi in ya ɗauki buta. Na girgiza ta. Ba ruwa.

"Baba, kawo," in ji Abba.

Ya zare ta daga hannuna ya fita. Randar tana tsakar gida, taku goma ne. Na tsaya ina kallon bayansa har ya cika ya dawo, liman yana ce mini, "Alhaji, lafiya? Zauna mana." Ban zauna ba.

Washegarin sadakar bakwai na yi masa tambaya ta uku, a gonar Baffa, a tsakiyar geron da ya shuka bai ga bununinsa ba. Ya ce zai tafi. Na sa hannu, kamar yadda na yi wa tsohon alkawari. Amma na daɗe a kasuwa, na san farashin da ka fara raɗa wa mutum a kunne, in ya dawo maka da shi, rantsuwa zai yi nasa ne. Ba ni da ma'aunin da zan raba son Abba da nawa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haɗa shi da ƙaninsa a inda ba a neman ruwa a rasa. Wanda ya karanta wannan, ya yi musu addu'a su biyun, ya kuma daina cewa waswasi ne.

Ga yadda cinikin ya tashi. Na tafi neman albarka, ban samo ba, ban kuma samo hani ba. Na samo labarin rasuwar mahaifina, wanda na yi shekara hamsin da 'yan kai ban sani ba, wannan riba ce ko da tana da ɗaci. Na rasa tsohon da ya rene ni, kuma ba wanda zai cire mini cewa hayaƙin ranar nan ne ya gajarta masa kwana, ko da yake kwana na Allah ne. Abba yana wajen horo, an ce in sun gama arewa maso gabas za a tura su. Maiɗakina ta daina tambayata labarin kasuwa. In za mu shiga mota yanzu ni nake tsayawa in ƙirga, kullum biyar nake samu a inda aka saba bakwai. Ɗaya na san inda yake. Ɗayan ina jiran waya.

Butata kuwa, ni nake cika ta.